Ranar da Manya Suka Zauna a Kwalta

Dona Zuleica Pavanelli ba mai karanta takarda sau biyu ba ce, amma wannan kam ta sha karatu. Ta karanta ta a jirgi, ta karanta a masauki, ga ta kuma da safiyar Alhamis a bayan garejin ƙungiyarsu tana sake bi layi-layi, gahawarta na hucewa a kan tarin tayoyi.

Abin da ke cikin takardar ba shi da wuyar faɗi. Motocin babbar gasar tsere ta duniya ƙarfi biyu ke jan su, na injin mai da na batir. A lokacin batir ɗan taimako ne kawai, kashi ɗaya cikin biyar. Sabuwar doka ta ce nan da shekara biyu a raba daidai, rabi mai, rabi lantarki. Manyan kamfanonin motoci uku da ke ƙera wa gasar injina su suka kawo ta. Motocin lantarki suke son sayarwa, suna so mai kallon tsere ranar Lahadi ya ga abin da za a tallata masa ranar Litinin. Wannan ba laifi ba ne, kowa da abin da ya fito nema. Amma sun ƙara da cewa in ba a ba su dokar ba za su kwashe ya-nasu-ya-nasu su bar gasar, kuma mai faɗin haka ai ba roƙo yake yi ba.

Kwamitin doka mutum biyar ne: wakilan kamfanonin uku, shugaban kwamiti, sai kujera ɗaya ta ƙananan ƙungiyoyi masu karɓar inji a hannun kamfanonin. Sai duk biyar sun sa hannu doka ke tabbata. Shekara ashirin da kafa kujerar nan, ba wanda ya taɓa zama a kanta ya ce a'a. Yo ta yaya? Wanda ke ba ka inji za ka yi wa gardama? Bana kujerar ta faɗo kan Zuleica, shugabar injiniyoyin ƙungiyar da ta fi kowace ƙanƙanta, masu korayen motoci, 'yan garin Piracicaba.

Tana cikin karatun sai ga mai ƙungiyar, Seu Olegário, dattijo mai tumbi da koriyar hula, riƙe da burodin cuku a takarda. Shi ya riƙe 'yarta a coci ranar baftisma, don haka ba ya kiran ta sai da comadre, ita kuma ta ce masa compadre.

"Comadre, za ki cinye takardar nan da ido. Ungo, sa wani abu a cikinki."

"Ba na jin yunwa."

"To ni ina ji, mutum tamanin da bakwai da ke mana aiki su ma suna ji. Ƙarfe goma sha ɗaya ki shiga, ki sa hannu, ki sha ruwan sanyinsu ki fito. Mene ne mai wuya a nan?"

"Hawan Alfadari ne mai wuya."

Ya yi tsaki. Hawan Alfadari shi ne tudun ƙarshe na filin tseren, daga kwanar da ke can gangare har layin gamawa, kilomita ɗaya da ɗoriya, direba na danne da totur ba sassauci. Ta ajiye takardar ta yi masa bayani kamar bai san mota ba. Batir cika yake in an taka birki, ya zube in an taka totur. A hawan nan ba birki ko sau ɗaya. Da sabuwar doka, batir zai ƙare da zarar mota ta haura ƙolin tudun, ta rasa rabin ƙarfinta nan take. Wanda ke bayanta kuwa, in ya yi tattalin nasa batirin, yana tafe da gudun ɗari uku da goma bai san abin da ke jiran sa ba.

"Su ba su san haka ba?" in ji shi. "Haba comadre. Injiniyoyinsu sun fi mutanen unguwarmu yawa."

"Sun san batirin zai ƙare. Ga shi nan a shafi na tara, wai za a rasa sakan ɗaya da rabi a kowane zagaye. Iyakar abin da suka gani ke nan. Kowannensu ya gwada motarsa a kwamfuta, ita kaɗai a fili, yana kallon ta daga sama kamar mai kallon tururuwa. Ba wanda ya kwanta inda direba ke kwanciya. Sau biyu na rubuta musu, sau biyu suna aiko mini da godiya."

Seu Olegário ya cire hula ya share zufa. Can cikin gareji direbansu Cássio na zaune a cikin mota ana gwada masa kujera, yana ba makanikai dariya. Dattijon ya dube shi, ya kawar da kai, ya rage murya.

"Evandro na kamfanin injinmu ya kira ni jiya. Ya tuna mini cewa yarjejeniyar injinmu Disamba za ta ƙare. Bai ce komai ba fa, tuni kawai ya yi mini. Sai ya ƙara da cewa duk abin da ya jinkirta takardar nan zai sa kamfani ya sake duba mutanen da yake ba inji. Kin san sauran biyun ba za su taɓa mu ba in wannan ya sake mu. Ba inji, ba ƙungiya. Shekara talatin da ɗaya nake tara abin nan."

Ta sani sarai. Tana cikin waɗanda suka fara da shi tun a wata tsohuwar ma'ajiyar rake mai yoyo. Ta san sunan matar kowane makaniki, ta san wanda ɗansa ke jami'a da wanda uwarsa ke kwance. Tsoro ya kama ta, ta ɓoye don kada ya gani.

"Ba ni awa ɗaya, compadre. In ban ci nasara ba, zan sa hannu. Amma sai ka yi mini wani abu."

"Me?"

"Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ka mirgina tsohuwar taya ɗaya zuwa bayan ƙolin tudu. Na yi alama da farin alli a tsakiyar titi. Ka kwantar da ita a wurin, ka zauna a kai, kada ka tashi sai na kira ka."

"Ni? Da shekaruna? A ranar nan?"

"Hularka ake gani daga nesa."

"Tabɗi! Na ɗauki injiniya, ashe mahaukaciya na ɗauka." Ya tura sauran burodin a baki ya tafi yana gunaguni, bai ce to ba, bai ce a'a ba.

Ɗakin taron yana saman ginin baƙi, sanyin na'ura kamar cikin firji. A bakin ƙofa Dakta Evandro Sampaio ya tare ta. Ajinsu ɗaya a jami'ar São Carlos, a littafinta yake kwafar lissafi duk ranar Litinin. Yanzu shi ne idon kamfanin da ke ba su inji a duk ƙasashen kudu, kwat ɗinsa kaɗai ya isa a yi wa gareji fenti.

"Zuzu! Har yanzu da rigar aiki ake zuwa taron manya?"

"Wasu da aiki suka zo, Dakta."

"Kai, bakin nan bai tsufa ba. Ji nan," ya sunkuyo, "minti goma ne. Kada ki ja abin. Don ku nake faɗi, na rantse."

Ta yarda don su yake faɗi, shi ya sa abin ya fi ciwo.

A gaban teburin taron, ubangidan Evandro na zaune, Mista Halvorsen, shugaban sashen tsere na kamfanin, dogo mai furfura, ba ya magana sai ta kama. Kamfaninsa ne babba, wakilan sauran biyun fuskarsa suke kallo kafin su ɗaga hannu. Shugaban kwamiti, wani tsoho mai sanda, ya karanta kan takardar, aka zaga da alƙalami. Huɗu suka sa hannu. Takarda ta iso gaban Zuleica, ta ɗora tafinta a kai.

"Zan sa," ta ce da Turancinta mai kaushi, "amma ba a ɗakin nan ba. Yau Alhamis, ranar taka fili. Ku taka Hawan Alfadari da ni, da ƙafa. In mun kai sama Mista Halvorsen ya ce in sa hannu, zan sa a nan take, ba zan ƙara cewa uffan ba."

Al'adar gasar ce tun ta kakanni. Kowace Alhamis kafin tsere, direba da injiniyoyinsa sai su zaga filin da ƙafa, su shafa kwalta da hannu, su durƙusa a kowace kwana su ga yadda take. Makaniki ya yi, injiniya ya yi, zakaran duniya ma ya yi. Manya ne kawai ba sa yi. Su in sun so ganin fili, ƙaramar mota mai rumfa ake kawo musu, da ruwan sanyi a gefe.

Ɗaya daga cikin wakilan ya yi dariya. "Madam, muna da taswirar filin nan har ta tsakuwar da ke cikinsa. Tsayin tudun a tsaye mita arba'in da uku ne."

"Na san kuna da lambar."

Evandro ya rufe ido kamar mai ciwon haƙori. Shugaban kwamiti ya dubi agogo, ya dubi Halvorsen. Halvorsen ya daɗe yana kallon ta. Wataƙila ya auna ne ya ga tafiyar minti ashirin ta fi gardamar awa biyu sauƙi. Ya miƙe ya ɓalle maɓallin kwat ɗinsa.

"Mu je."

Wayyo, da kun ga tafiyar nan! Rana ta take tsaka, irin ranar Nuwamba ta São Paulo mai dafa mutum kafin ruwan yamma. Mota mai rumfa ta sauke su a kwanar gangare ta juya. Zuleica na gaba da takalmin aikinta, takarda a hammata. Bayanta manyan mutane huɗu da Evandro, cikin takalman fata masu santsi waɗanda ba su taɓa taka abin da ya fi kafet tauri ba. Taku ɗari na farko suna hira. Na biyu hira ta ragu. Kafin su kai rabi, wanda ya yi dariya ya kwance ɗamarar wuyansa yana haki, dattijon shugaban kwamiti kuwa yana dogara sanda yana tsayawa duk bayan ɗan lokaci, wai yana duba shinge.

Masu fentin gefen titi suka ajiye buroshi suka tsaya kallo. Mutanen nan ba sa barin abin dariya ya wuce su.

"Dona Zuleica! Ina kika samo waɗannan alfadaran? Ba su da ƙwari!"

"Dakta, a kawo maka ruwan rake? Da ƙanƙara!"

"Ku bar shi, kwat ɗin ne ya yi masa nauyi!"

Cikin manyan, Evandro kaɗai ke jin yaren ƙasar, shi kaɗai ya ji abin da suke cewa, ya yi kamar bai ji ba, kunnuwansa sun yi jawur. Ya matso kusa da ita yana magana ta tsakanin haƙora.

"Me kike so ki nuna? Cewa tudu tudu ne? Kin san abin da kike jawo wa Olegário?"

"Na sani. Ajiye numfashinka, da saura."

Ita kanta ba ta san ko tsohon ya zo ba. Duk tsawon hawan abin da ke cin ta ke nan. In ba ya wurin, ta tara manyan duniya a rana ta nuna musu kwalta, ta sa hannu kuma ta koma gida da kunya. Da suka kusa ƙoli ta kasa ɗaga kai, sai da ta ƙirga taku goma sannan ta duba.

Yana nan. Can gaba kaɗan bayan ƙolin, a tsakiyar titi, tsakanin bangon dama da na hagu, ga Seu Olegário zaune a kan taya, ya haɗe rai, koriyar hularsa na ƙyalli. Ta ji kamar ta ruga ta rungume shi.

"Nan za mu tsaya," ta ce. Suka tsaya suna mayar da numfashi. "Kun ga mutumin can?"

"Mun gan shi," in ji Halvorsen.

"A zaunen nan tsayinsa ɗaya da motar tsere. Inda yake, nan batir ke ƙarewa a lissafinku, ba nawa ba. Shafi na tara. A nan motar gaba za ta koma gudun ɗari biyu da arba'in. Mu kuma mu ne motar baya, muna kan ɗari uku da goma."

"To ai ga shi muna ganin sa," in ji Evandro. "Direba zai gan shi ya kauce. Aikinsa ke nan."

"Kai kana ganin sa, Dakta, don kana tsaye."

Ta ajiye takardar, ta zauna daram a kan kwalta, ta miƙe ƙafafu, ta kishingiɗa a kan gwiwoyin hannu yadda direba ke kwanciya a cikin mota. Zafin kwaltar ya ratsa wandonta, ba ta motsa ba.

"Idon direba a nan yake. Bai wuce gwiwarka da yawa ba. Bismillah, akwai wuri."

Ba wanda ya motsa. Wakilan biyu suka dubi wandunansu, suka dubi Halvorsen. Masu fenti sun biyo su a baya sun yi cirko-cirko. Zuleica na kishingiɗe tana kallon sama. In Halvorsen ya ce ba zai zauna ba, shi ke nan, ba ta da wata dabara a aljihu.

Halvorsen ya cire kwat ɗinsa ya miƙa wa Evandro. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa ta yi ƙara, ya zauna kusa da ita, ya kishingiɗa. Ya dubi gaba.

Ba Olegário, ba hula, ba taya. Kwalta ce ta tafi ta yanke a ƙoli, daga nan sai sararin sama.

Ya ɗaga kai kaɗan, bai gani ba. Ya miƙe zaune sosai, tsinin hular ya ɓullo. Ya koma ya kishingiɗa, ta ɓace. Sau uku yana yin haka, kamar yaron da aka nuna wa dabo.

"Daga inda direba zai fara ganin sa," ya ce a hankali, "nawa ne tsakani?"

"Taku ashirin da biyar. Na auna jiya. Sakan ɗaya ke gare shi, kuma bango dama, bango hagu."

"In ya hau tayar bayansa fa?"

"Kai ma ka sani. Tashi motar za ta yi. Bayan bangon can kuma rumfar 'yan kallo ce, ta masu tikiti mai araha."

Ya juya ya dubi rumfar. Kujeru ne na siminti ba kowa a kai, sai wata mata tana shara. Ya daɗe yana kallon matar nan. Sannan ya ɗaga hannu ya yafito sauran. Wanda ya yi dariya ya shimfiɗa hankici ya zauna a kai. Ɗayan ya zauna haka nan. Dattijon shugaban kwamiti ya ce shi ma sai ya gani, masu fenti biyu suka riƙe shi suka saukar da shi a hankali, suna ce masa sannu kaka. Ga manyan gasar duniya jere a ƙasa kamar masu jiran a raba musu abinci. Evandro kaɗai ya rage a tsaye, rungume da kwat ɗin ubangidansa.

"Zauna, Evandro," in ji Halvorsen.

Ya zauna. Ya duba.

Ranar taka fili kuwa ba a rasa masu ɗaukar hoto, suna bin direbobi. Wasu biyu da ke saukowa daga sama suka ci karo da abin da ba su taɓa mafarki ba. Kafin wani ya ankara sun ɗauka sun ƙara.

Zuleica ta jawo takardar, ta zaro alƙalami daga aljihun rigarta, ta cire murfin.

"Na yi alkawari, Mista Halvorsen. Ka ce in sa, in sa."

Bai dube ta ba, idonsa na kan ƙolin.

"Wasiƙunki sun iso teburina," ya ce. "Na ba wani ya duba. Ya duba a kwamfuta, ya ce ba matsala." Ya juyo ya dube ta. "Mayar da alƙalaminki, Madam. Ba yau ba."

Ta mayar da murfin. Ta miƙe, ta sa yatsu biyu a baki ta yi fito irin na 'yan gareji, ta ɗaga wa Seu Olegário hannu. Masu fenti suka ɓarke da ihu da tafi, ko da yake rabinsu ba su san me aka ci ba, sun dai ga tasu ta tashi tsaye manya na ƙasa.

Ƙarfe biyu kwamiti ya sake zama, cikin wanduna masu tabon kwalta. Aka mayar da dokar wurin masu rubutu. Za a gyara ta yadda ƙarfin batir zai riƙa raguwa sannu a hankali maimakon ya yanke, a kuma rage rabonsa a filaye masu dogon hawa, kuma ba za a ƙara amincewa da gwajin mota ɗaya ita kaɗai ba. Gyaran zai ci shekara guda. Kafin su fito daga ɗakin, hoton ya zaga duniya.

Ƙarfe huɗu hadari ya haɗo, iska ta fara kaɗa rumfunan gareji. Evandro ya zo ya tsaya a bayan garejin masu kore, bai shiga ba. Ya sauya wando. Da ta ga fuskarsa ba ta buƙaci ya buɗe baki ba, amma ta bar shi ya faɗa.

"Ba Halvorsen ba ne, Zuzu. Ya yi magana don ku, da kunnena na ji. Na sama da shi ne, can hedikwata. Sun riga sun tsara tallan sababbin motocinsu a kan dokar nan, kin ci musu shekara guda, ga kuma hoton. Sun ce daga Disamba ba su da injin da za su ba ku."

"To."

"To kawai?"

"Me kake so in ce? Kai ka karanta shafi na tara kuwa?"

Ya dubi takalminsa. "Ni na rubuta shi."

Ta so ta gaya masa baƙar magana, tana da su da yawa a baki. Sai ta ga idonsa ya kaɗa, ta haɗiye. Ya juya ya tafi, ɗigon ruwa na farko na sauka a kafaɗarsa.

Ta ci nasara, ta kuma kashe ƙungiyar da ta raine ta, duk a yini ɗaya. Ta shiga gareji tana neman kalmar da za ta fara da ita. Ashe Seu Olegário na tsaye a bayan tarin tayoyi, ya ji komai. Ya wuce ta, ya ɗauki sifana ya buga a jikin teburin ƙarfe sau uku. Aka kashe injin hura taya, makanikai suka ɗago, Cássio ya fito daga ɗakin baya da cokali a hannu.

"Ku matso," in ji tsohon. "Magana biyu ce. Ta farko, daga Disamba ba mu da inji. Zan buga kowace ƙofa, amma ba zan yi muku ƙarya ba, ban ga wadda za ta buɗe ba."

Ruwa ya sauko da ƙarfi a kan kwano, sai da tsohon ya ɗaga murya.

"Ta biyu. Da safen nan ni na ce wa matar nan ta sa hannu. Ni, da bakina. Na san abin da ke cikin takardar, ta yi mini bayani, na ce ta sa. Sai ta aika ni in zauna a kan taya kamar wawa. Ina zaune ina zagin ta a zuci, ina kallon kawunansu a saman tudu. Can sai suka zauna, suka ɓace. Ina jin muryoyinsu kusa da ni, ba na ganin kowa. Na ce a raina, Olegário, yanzu da mota ce ke zuwa, kuma yaron nan ne zaune a inda kake." Ya nuna Cássio da sifanar. "Uwarsa ta kawo mini shi yana da shekara goma sha huɗu. Ni zan je in gaya mata?"

Cássio ya ajiye cokalin a hankali.

"Shekara talatin da ɗaya ba mu taɓa cin tsere ko ɗaya ba," in ji tsohon. "Ana yi mana dariya, ana zagaye mu a fili, mun saba. Yau mun ci. Wanda duk ya tafi neman aiki a cikinku, in an tambaye shi ina ya yi aiki, kada ya ce wurin Olegário. Ya ce wurin Dona Zuleica ya yi."

Wani dattijon makaniki mai suna Bené ya cire safar hannunsa, ya zo ya kama hannunta da nasa biyu, ya girgiza, ya koma gefe. Na bayansa ya zo. Haka suka jeru, masu taya, masu birki, mai dafa musu abinci, kowa da baƙin mai a hannu, mutanen da ta raba da aikinsu awa huɗu da suka wuce. Zuleica ba ta ɓoye hawayenta ba. Baƙin ciki na nan, bai tafi ko'ina ba, amma tun da take ba ta taɓa jin alfahari da mutanenta irin na wannan lokaci ba.

Cássio ne na ƙarshe. Bai miƙa hannu ba. Ya sunkuya ya sumbaci goshinta yadda ake yi wa uwa.

"Sauran direbobi goma sha tara suna waje," ya ce. "Sun ji abin da kika yi, tun ɗazu suke tsaye a ruwa. Sun ce ba za su shiga garejin wasu ba, amma in kin samu sarari, suna so ki leƙo."